Kafin ki ɗauki lauya: abin da na koya a shari'ar yayata

Ranar da yayata ta kira ni tana kuka, saukowata ke nan daga aikin dare, ko fararen kayan ban cire ba. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Sun hana ni yaran." Wata huɗu ke nan da mutuwar aurenta. Yaransu uku: babban shekararsa 11, mai bi masa 7, autar ko uku ba ta cika ba. Mahaifinsu ya aiko a kai masa su su yi hutun Sallah. Sallah ta wuce, aka yi mako biyu, aka shiga na uku. Da ta tura ƙaninmu ya ɗauko su, sai aka ce masa ai ita da kanta ta sa hannu ta bar wa uban su, dama an bar mata su ne kafin amarya ta tare.

Kuma gaskiya ne, ta sa hannun. A zauren kawunmu aka yi zaman. Ta gaji da auren, ta ce a sauwaƙe mata, shi kuma ya ce sai dai khul'i, ta mayar masa da sadakinsa. Ba ta da shi. Sai wani daga ɓangarensa ya kawo shawarar a rubuta cewa ta yafe riƙon yara a madadin kuɗin. Kawu ya ce, "Sa hannu mu huta, wane uba ne zai raba uwa da 'yar goye?" Ta sa. Babu wanda ya zo wurin nan da niyyar cutar da ita a cikin danginmu. Babu dai wanda ya san nauyin layi ukun da aka rubuta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba lauya ba, kuma abin da zan faɗa a nan ba zai tsaya miki a madadin zama da lauya ba. Na rubuto ne don na yi wata tara ina raka Yaya kotu da ofishin lauya, duk ranar da ba ni da aiki, na ga inda muka yi asarar kuɗi da lokaci. Babbar asararmu ita ce zuwa a makare. A asibiti mun saba da wannan: sai an gama da kemis da jiƙe-jiƙe, ciwo ya ci jiki, sannan a kawo mana yaro. Da Yaya ta ba wani lauya minti 30 kafin zaman zauren nan, da ya gaya mata cewa malaman Malikiyya, waɗanda kotunan Musuluncinmu ke bi, sun halatta a yi khul'i a kan mace ta sarayar da riƙon 'ya'yanta, don haka takardar ba abin wasa ba ce. Da kuma ya gaya mata cewa matar da ke da shaidar ana cutar da ita tana iya neman alƙali ya raba auren ba tare da ta mayar da ko kwabo ba. Yaya tana da shaidun. Ba ta dai san suna da amfani ba.

Mata da yawa suna ganin zuwa wurin lauya kamar shelar yaƙi ce da miji ko danginsa. Za ki iya zuwa ki tambayi haƙƙinki, ki biya kuɗin ganawa, ki dawo gida ki ci gaba da sulhunki, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Doka ta wajabta wa lauya riƙe sirrin wanda ya zo masa neman shawara, ko da daga baya ba a ɗauke shi aikin ba.

Fara sanin kotun da maganarki za ta je

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ki amsa kafin ki nemi sunan kowane barista, don ita za ta nuna miki irin wanda za ki nema. Idan aurenki na Musulunci ne, an ɗaura da waliyyi da sadaki da shaidu, to maganar saki, khul'i, ciyarwa, riƙon yara da gado duk ta kotun Musulunci ce. A Abuja da wasu jihohi, kotunan yanki ne ke wannan aikin. Idan kuwa auren rajista ne, wanda aka yi a ƙarƙashin dokar aure ta ƙasa, a ofishin rajista ko a coci mai lasisi, babu mai raba shi sai Babbar Kotu, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970. Auren gargajiya kuma yana da kotunan gargajiya a jihohin da ke da su, kamar Kaduna.

Abin da ya sa na dage a kan wannan shi ne, lauyoyi ma kamar likitoci suke, kowa da fanninsa. Akwai barista mai suna a gari, ya ƙware a shari'ar filaye ko ta zaɓe, amma ka tambaye shi wa ke bin uwa a jerin masu haƙƙin riƙo sai ya ce zai duba. A kotun Musulunci, lauyoyi da alƙalai littattafan fiƙihu suke buɗewa, irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa, kuma yadda ake kafa shaida da karɓar rantsuwa daban yake da na Babbar Kotu. Jami'o'i irin su Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya suna yaye lauyoyin da suka haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci a karatunsu. Kada ki ji nauyin tambayar lauya kai tsaye: "Barista, ka saba shiga wannan kotun? Shari'ar riƙon yara nawa ka yi a bana?" Mai aikin ba ya jin haushin wannan tambayar.

Ki san kuma cewa doka ba ta tilasta miki ɗaukar lauya a kotun Musulunci ba. Da Hausa ake magana, mata suna shiga su faɗi ƙararsu da bakinsu kullum. Idan maganar mai sauƙi ce, misali uba ya amsa cewa yaran nasa ne amma ya daina aiko da abinci, za ki iya tsayawa da kanki. Amma idan akwai takardar da aka sa wa hannu, ko gida da fili, ko gado mai magada da yawa, ko ɗaya ɓangaren ya zo da lauya, kada ki shiga ke kaɗai.

Mutumin bakin kotu

Kuskurenmu na biyu a bakin ƙofar kotu ya same mu. Ranar farko Yaya ta je ita da ƙaninmu, ba su san ko ina ake shiga ba. Wani mutum mai baƙar kwat da jaka ya tare su da fara'a: "Hajiya, me ake ciki? Kawo in gani." Ya ce ya san alƙalin, ya ce cikin mako biyu yara za su dawo. Ya karɓi naira 40,000, kuɗin da ta sayar da keken ɗinkinta ta samu. Ba rasit, ba ofis, lambar waya kawai. Ya rubuta mata wata takarda, ya zo zama ɗaya ya zauna a baya bai ce uffan ba, daga nan wayarsa ta daina shiga. Da muka bincika daga baya, ko ƙofar makarantar lauyoyi bai taɓa takawa ba.

Abubuwa biyu da ya faɗa sun isa su tona shi, da mun sani. Lauyan gaskiya ba ya yi miki alƙawarin nasara, don ba shi ke yanke hukunci ba. Kuma duk wanda ya fara da "na san alƙalin" yana shirin karɓar kuɗinki ne da sunan wani wanda wataƙila bai ma san da zamansa ba. Ƙa'idar aikin lauya ma ta hana farautar masu ƙara a bakin kotu ko tura 'yan kamasho su kawo su.

Tantancewa ba ta da wuya. Duk lauya a Najeriya sai ya gama digiri, ya wuce makarantar horar da lauyoyi (akwai reshenta a Bagauda, jihar Kano), sannan a rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli a ba shi lamba. Yana kuma da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, mai ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda yake mannawa a takardun da ya shirya. Ki nemi cikakken sunansa da lambar, ki je ofishinsa da ƙafarki ki ga inda yake zama. Idan zuciyarki ba ta kwanta ba, ofishin reshen NBA na garinku zai gaya miki ko ɗansu ne.

Ina za ki samo na kirki?

Mu dai ta bakin wata abokiyar aikina muka samu, wadda ta yi shari'ar gadon mijinta shekara biyu da suka wuce. Har yanzu ban ga hanyar da ta fi wannan ba: matar da ta taɓa shiga irin matsalarki, ta gama, ta ce miki wane ya riƙe ni da amana. Ki tambaye ta abin da talla ba za ta gaya miki ba. Yana ɗaga waya? Yana zuwa kotu da kansa ko kullum yaro yake turowa? Kuɗin da ya faɗa da farko shi ne na ƙarshe?

Hattara da lauyan dangi. Idan shi ne ke yi wa mijinki ko surukanki aikin filayensu, ba naki ba ne, ko da kuwa tare kuka tashi. Lauya ɗaya ba ya tsaya wa ɓangarori biyu masu jayayya.

Idan babu kuɗi, akwai ƙofofin da za ki ƙwanƙwasa. Ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, tana da rassa a jihohi, kuma aikinta ke nan, taimaka wa mata da yara marasa ƙarfi kyauta. Akwai WRAPA, wadda ta daɗe tana aiki a kan haƙƙin mata a Arewa. Akwai Hukumar Tallafin Shari'a ta gwamnatin tarayya, da aka kafa tun 1976, mai ofis a jihohi, wadda aka tanada don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba (ya koma naira 70,000 a 2024). Za su saurare ki su gaya miki ko ƙararki na cikin waɗanda suke ɗauka. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ƙasa ita ma tana karɓar koken uban da ya yi watsi da 'ya'yansa. Sai dai ki tafi da haƙuri, masu buƙata sun fi ma'aikatan yawa, kuma ko lauya kyauta ne, kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci da na motarki suna nan.

Wata za ta ce, ai ga Hisbah. Haka ne, a Kano da wasu jihohi Hisbah tana sulhunta ma'aurata, kuma gidaje da yawa sun tsaya ta dalilinta. Amma Hisbah ba kotu ba ce. Idan an yi sulhu a can, ko a gaban mai unguwa, ko a zauren gida irin namu, ki roƙi a ba ki kwana biyu ki kai takardar wani masani ya karanta miki kafin ki sa hannu. Wanda ya ce lallai sai yau, shi ya san abin da yake gudu.

Zaman farko

Lauyar da muka samu mace ce, ba ta wuce sa'ata ba. Ofishinta ɗaki biyu ne a saman wani shago. Ta bar Yaya ta yi magana kusan awa guda, tana rubutu, sannan ta karɓi takardar zauren ta karanta sau biyu. Ta ce, "Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, wannan takardar ta yi mana nauyi. Ba don ita ba da maganar gajeruwa ce." Ta yi mana bayanin cewa a Malikiyya uwa ce kan gaba wajen riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa da tufafi da magani kuma suna kan uba ko da yaran suna hannun uwa. Idan uwa ta auri wani bare, riƙon yakan koma ga mahaifiyarta, wato kakar yaran ta wajen uwa, kafin a zo kan uba. Yawancinmu mun tashi da jin cewa da zarar an yaye yaro ko ya kai shekara bakwai na uba ne. Al'ada ce wannan.

Abin da ya kwantar min da hankali da ita shi ne, ta fara da gaya mana raunin ƙararmu. Sannan ta yi wa Yaya tambayoyin da ba su da daɗi: ko ta taɓa barin yaran ta yi tafiya mai tsawo, ko akwai mai nemanta yanzu, ko ta taɓa tura wa mijin saƙon zagi. Ta taɓa, guda biyu. Ki faɗa wa lauyarki irin wannan tun a ofis. Idan ta fara jin sa daga bakin lauyan mijinki a gaban alƙali, ba ta da abin kare ki.

Ki tafi da duk wata takarda da kike da ita, ko kina ganin ba ta da amfani: takardar aure in akwai, takardar saki, takardun haihuwar yara, rasit ɗin makaranta, katin asibiti, saƙonnin banki da ke nuna wa ke biyan me, saƙonnin WhatsApp da na murya. Kada ki goge komai don fushi. Ki ba da kwafi, ki riƙe na asali a wurinki. Ki rubuta ranaku a takarda tun daga gida, don a gaban alƙali kai yakan ɗauke. Ki kuma fara tunanin shaidu, mutanen da suka gani da idonsu ko suka ji da kunnensu kuma za su yarda su zo, don wanda ya kawo ƙara shi ake nema ya kawo shaida.

A nan bari in sa bakin aikina. Mata suna zuwa mana da kumburin ido ko targaɗe su ce ƙofa ce ta buge su ko sun zame a banɗaki. Abin da kika faɗa shi muke rubutawa a fayil. Ranar da za ki buƙaci rahoton likita, fayil ɗin zai ce ƙofa ce. Ban ce ki kai ƙarar kowa ba, wannan shawararki ce. Ki dai gaya wa likita gaskiya, ki adana katinki. Yaya ta taɓa zuwa asibiti da karayar yatsa ta faɗi gaskiyar abin da ya faru, don nas ɗin da ta duba ta ta matsa mata da tambaya. Wannan katin na shekara uku baya shi ne abu mafi ƙarfi da lauyarmu ta riƙe, tare da shaidar maƙwabta biyu, wajen nuna cewa cutarwa ce ta tura ta sa hannu.

Maganar kuɗi

Mu Hausawa muna jin kunyar ciniki da mai ilimi. Sai a ce "Barista, nawa za a kawo?" ya ce "Haba Hajiya, kawo abin da ya sauwaƙa," a rabu a haka, rigima ta biyo baya. Ki cire kunya ki tambaya dalla-dalla. Nawa ne kuɗin aikin gaba ɗaya, kuma daga ina zuwa ina ya ƙunsa? Akwai kuɗin mota a kowane zama? Idan an ɗage zama ba a yi komai ba, za a biya? Idan aka kai ga ɗaukaka ƙara, sabon ciniki ne? Kusan kullum sabo ne. Za a iya biya kashi-kashi? Duk abin da kuka amince a rubuta, ku sa hannu, ki riƙe kwafi. Kuɗin da ake biya wa kotu daban yake da na lauya, kuma yana da rasit ɗin gwamnati. Ki nemi ganinsa.

A shari'ar gado an fi samun matsala. Wasu lauyoyin sukan ce ba sai kin biya yanzu ba, za su ɗauki wani kaso idan an raba. Wannan yakan taimaki wadda ba ta da kuɗi a hannu, amma ki tabbatar an rubuta kaso nawa ne, kuma daga rabon wa: tumunin takabarki kaɗai, wanda ma za ku raba da abokan zamanki in akwai su, ko har da rabon marayu? Kada ki miƙa takardun gida na asali ba tare da an rubuta miki shaidar karɓa ba.

Bayan kin ɗauke shi, shari'ar ba ta tashi daga taki ba. Ki riƙa zuwa kowane zama, ki san lambar ƙararki, ki rubuta ranar da aka ɗage zuwa. Kafin alƙalin kotun Musulunci ya yanke hukunci yakan tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran magana ko shaida. Wannan ba gaisuwa ba ce, in akwai abin da ya rage a nan ake faɗa. Idan hukunci bai yi miki ba, ki nemi kwafinsa nan take, don wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, yawanci kwana 30. Idan kuma lauya ya daina ɗaga waya, ko ya yi ta fashin zama ba dalili, kina da ikon sallamarsa ki karɓi fayil ɗinki, ki biya abin da yake bin ki na aikin da ya yi. Wanda ya ci amana ana kai kokensa reshen NBA, kuma akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi da ke iya dakatar da mutum ko soke sunansa gaba ɗaya.

Tamu shari'ar ba ta kai ga hukunci ba. Bayan zama na shida, da aka gabatar da katin asibitin kuma maƙwabta suka yi magana, lauyan ɗaya ɓangaren ya nemi a ba su dama a sulhunta. Yaya ta so a ci gaba, tana son duka ukun. Barista ta zaunar da ita ta ce, "Hajiya, za mu iya ci gaba, kuɗinki ne kuma 'ya'yanki ne. Amma in kin ci zai ɗaukaka ƙara, in ya ci za mu ɗaukaka, autarki kuma tana can tana girma." Ta yi kwana uku tana shawara da Hajiyarmu. A ƙarshe ƙananan biyu suka dawo hannunta, babban ya zauna wurin mahaifinsa saboda makarantarsa, yana zuwa mata duk hutu da ƙarshen mako biyu a wata. Aka rubuta abin da uban zai riƙa bayarwa duk wata da ranar bayarwa, da cewa kuɗin makaranta da na asibiti nasa ne. Wannan karon Barista ta karanta mata takardar layi-layi, ta sa aka gyara wuri biyu, sannan aka kai gaban alƙali ya mayar da sulhun hukuncin kotu, yadda in an saɓa akwai inda za a koma.

An saɓa ɗin kuwa, sau ɗaya, a wata na biyar. Yaya ta ɗauki kwafinta ta tafi kotu ita kaɗai, ba ta ko kira ni ba, sai da yamma ta gaya min an aika masa sammaci. Keken ɗinkin ne dai har yau ba ta mayar ba, da na maƙwabciyarta take aiki.